Mai Takalma Ya Je Sayen Fartanya

Wani mutum ne mai sayar da takalma. Kar ku tambaye ni sunansa, mutum ne mai iyali, kuma har gobe muna gaisawa.

Shi dai a sana'arsa dokoki biyu gare shi, kuma da ka taɓa su gara ka taɓa idonsa. Ta farko, ba a sayen abu sai an gwada. Ko ka san lambar ƙafarka kamar yadda ka san sunanka, sai ya zaunar da kai a benci, ka tuɓe naka, ka zura nasa, ka miƙe tsaye, ya durƙusa ya danna maka babban yatsa ya ji inda ya tsaya. Ta biyu, abin da ya taka ƙasa ya zama kwance, ba ya dawowa. Saboda haka akwai wani kwali da ya shimfiɗa a tsakiyar shagon, a kansa ake gwaji. Muddin kana kan kwalin nan kai babban baƙo ne, har ruwan sanyi za a ba ka. Amma dunduniyarka ta kuskura ta taɓa siminti, to ka sayi takalmi, ko da na mata ne.

Ni kaina na ɗanɗana. Wani sau-ciki na gwada, ya matse ni har idona ya kawo ruwa. Ina kokawar cirewa na yi tangal-tangal, ƙafa ɗaya ta sauka daga kan kwali. Mutumin nan ya karɓi takalmin, ya juya ƙasansa, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya ƙura masa ido, ya hure shi, sannan ya girgiza kai ya ce, "Ayya. An taka." Takalmin yana nan ƙarƙashin gadona har yau, ko ƙafar ƙanena ba ta shiga. Don haka in kun ji ina ba da labarin nan da ɗan zaƙi a bakina, kun san dalili.

To, a bayan kicin ɗin gidansa akwai wani ɗan fili, bai wuce shimfiɗar tabarma uku zuwa huɗu ba. Babu komai a ciki sai tsohuwar tayar mota, da gutsattsarin bulo, da ciyawa har gwiwa. Tun ranar da suka tare a gidan ya ce lambu zai yi a wurin. Kullum in ya ci ya ƙoshi sai ya tsaya a tagar kicin, hannu a baya, yana yanka fili da baki. Nan alayyafo, nan salak, can kuɓewa, jikin katanga kuma tumatir. Ya nome filin nan da baki, ya shuke shi da baki, ya girbe, har ya aika wa maƙwabta nasu rabon. Tayar dai tana nan inda take.

Kuma kar ku ɗauka wasa yake yi. Wallahi yana son lambun nan har cikin ransa. Mutum ne da ke yini cikin warin roba da fata, yana durƙusa wa ƙafafun mutane. Babban burinsa shi ne ya dawo gida da yamma ya durƙusa wa abin da ba zai ce masa "ya matse ni" ba.

Matarsa kuwa kaji take so ta zuba a wurin. Ta yi haƙuri har ta gaji. Wata rana yana tsaye a tagar yana noman nasa na baki, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Maigida, filin nan fa?"

"Wane fili? Lambu dai."

"Ina lambun?"

"Yana nan tafe."

"A ƙafa yake tahowa? Ai ko daga bangon duniya ya taso ya ci a ce ya iso." Ta goge hannu da zani. "To, ka saurare ni da kyau. Kazar Yaya ta kwanta a kan ƙwai, kuma ta ce in ta ƙyanƙyashe, rabin 'yan tsakin nawa ne. Zan bar su can wajen uwarsu har su yi fiffike su daina bin ta. Ranar da aka kawo min su, in na leƙa filin nan na ga tsiro, ko guda ɗaya ne, wanda kai ka sa a ƙasa da hannunka, filin naka ne, in nema wa kaji wani wuri. In ban gani ba, ya zama gidan kaji, kuma kar in ƙara jin kalmar lambu a gidan nan."

"Tsiro ɗaya? Lallai kin raina ni. Ki tanadi kwando."

"In gani a ƙasa, in ji kare."

Washegari mutumin naku ya rufe shago da wuri, ya nufi layin masu sayar da kayan ƙarfe. Can ƙarshen layin, kusa da mai fenti, akwai shagon wani dattijo. Fartanyoyi ne a rataye manya da ƙanana, ga manjagara, ga diga, ga shebur, ga butocin ban-ruwa an jera su a ƙasa. Dattijon na zaune a kan kifaffen bokiti yana shan shayi.

"Baba, fartanya nake so."

"Ga su nan, ɗauki."

"Haka kawai? Ba za ka tambaye ni lamba ba?"

"Lambar me?"

"Ta hannuna mana." Ya buɗe masa tafin hannu a gaban fuska.

Dattijo ya dubi hannun, ya dubi mai hannun. "Malam, tun ina saurayi nake sayar da fartanya, ban taɓa auna hannun kowa ba."

"Shi ya sa ciwon baya ya yi yawa a duniya. To ba ni kwali."

"Kwalin me kuma?"

"Na gwaji. Ni ba na sayen abu sai na gwada."

Dattijo ya jawo wani kwalin sabulu ya miƙa masa, don ya ga gudun ruwansa. Mai takalma ya shimfiɗa kwalin a ƙofar shago, ya gyara masa kusurwa, ya zaɓi wata fartanya, ya ɗaga ta sama, ya kafta. Ƙwas! Kwali ya rabe biyu, bakin fartanya ya sami siminti har tartsatsin wuta ya tashi. Masu wucewa suka ja suka tsaya. Mai fenti ya leƙo da buroshi a hannu.

Mai takalma ko a jikinsa. Ya saɓa fartanyar a kafaɗa, ya juya hagu, ya juya dama, ya ce, "Akwai madubi?"

"Na me?"

"In ga ko ta karɓe ni."

Yanzu ku ji. A bayan shagon dattijon nan akwai wani kangon fili, ya fi na mai takalma girma nesa ba kusa ba, cike da ƙaya da ciyawa da kututture. Dattijon ya daɗe yana so a gyara masa shi. Bayansa ya ƙi, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa, in ya kira su a waya ya kawo zancen fili sai ka ji layin ya yanke. Dattijo ya dubi yagaggen kwalin, ya dubi damatsan mai takalma, ya ce a ransa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Malam, na ga kai mutum ne da ya san kaya. Irinku sun yi ƙaranci. Amma ita fartanya ba a sanin halinta a kan kwali. Ƙasa take so. Zo in nuna maka wurin gwajinmu."

Ya buɗe masa ƙofar baya. Mai takalma ya leƙa, ya jinjina kai. "Ka ga shago na gaskiya. Wurin gwaji har da rana da iska."

Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Ya yi ta kaftu, ya yi ta kaftu, har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Can ya fito yana haki, fuska cike da fara'a.

"Baba, wannan ta yi min cif. Ba ta matse ni ba, ba ta yi min yawa ba."

"To madalla. A ɗaure maka ita?"

"Tsaya tukuna." Ya juya bakin fartanyar, ya kai ta wajen haske, ya ƙura mata ido, ya hure ta. Sai ya girgiza kai. "Ayya. An taka."

"Wa ya taka?"

"An dai taka. Dubi ƙasa a bakinta, dubi duk ta ƙarce. Wannan ta zama kwance, ni kuwa ba na sayen kwance."

"Ai kai ka yi aiki da ita yanzun nan."

"Ni kwali na nema. Kai da bakinka ka ce in kai ta ƙasa. Wannan asarar mai shago ce. Kawo min sabuwa irinta."

Dattijo bai yi musu ba. Ya sauko masa da wata sabuwa dal, bakinta sai ƙyalli yake yi. Mai takalma ya karɓa, ya shafa ƙotar, ya sa hannu a aljihu. Sai kuma ya tsaya cak.

"Lafiya, Malam?"

"Wannan ban gwada ta ba."

Dattijo ya ɗaga kai ya dubi sama, leɓensa na motsi. Godiya yake yi wa Allah. Sannan ya ce, "Gaskiyarka. Bai kamata mutum ya yi zaɓen tumun dare ba. Ƙofar tana nan a buɗe."

Kun dai ga rijiyar da ya faɗa. Wadda ya gwada an taka, wadda ba a taka ba bai gwada ba. Haka ya yi ta zuwa kullum. Da ya juya baya sai dattijo ya wanke fartanyar, ya goga mata ɗan mai, ya mayar ya rataye. Washegari a sauko masa da ita a matsayin sabuwa, ya sara sau biyu ya ce, "Wannan ta fi ta jiya."

Guda ɗaya ce ba a iya yi masa wannan wayon da ita. Wata 'yar gajeruwa ce, ƙotarta na da wata gaɓa daidai inda babban yatsa ke zama. Tun ranar da ya fara riƙe ta ransa ya kwanta da ita. Amma an taka, ba halin saye. Sai ya mai da ita ma'auni. Ya ɗan taɓa sabuwa kaɗan, sai ya ce, "Baba, miƙo min kwancen nan in kwatanta." Shi ke nan, da ita zai yini.

A gida kuwa har cika baki yake yi. "Tsohon nan bai iya ciniki ba sam. Kullum sai na ɓata masa fartanya, shi kuma yana yi min godiya. Har tausayi yake ba ni."

Da ciyawa ta ƙare a filin, dattijo ya tare shi da wata magana.

"Malam, ka taɓa sayar wa mutum takalmi wari ɗaya?"

"Allah ya kiyaye."

"To, fartanya ba manjagara ai wari ɗaya ce."

Aka shiga gwajin manjagara. Ya tattare ciyawa da ƙaya, ya baje ƙasa ta yi lilis. Aka gwada diga a kan kututture, har sai da kututturen suka ƙare. Aka zo kan baro.

"Shi baro ba a gwada shi ba kaya a ciki," in ji dattijo. "Sai ka ɗora masa nauyi ka ji ko tayar na kuka. Ka ga kuwa akwai mai tumaki a layin baya, ya tara taki ya rasa mai kwashewa."

Mai takalma ya yi ta jigilar taki. Tayar ba ta yi kuka ba, amma bayansa ya yi.

Sai buta.

"Ita butar ban-ruwa, sirrinta a 'yan ramukan bakinta yake. Wata in ta zubo ruwa sai ta tone iri ta watsar. Kuma ba za ka gane ba sai da iri a ƙasa."

"To a sa iri mana."

"Ka ga faɗuwa ta zo daidai da zama, akwai a nan cikin gwangwani. Amma fa ruwan safe daban, na yamma daban. Mai neman gaskiya sai ya gwada duka."

Daga nan ya koma zuwa sau biyu, da safe kafin ya buɗe shago, da yamma in ya rufe. Har da gorar ruwan shansa yake tahowa, wai kar ya ɗora wa tsoho nauyi. Kuma abin da ke ba ni haushi, mutumin nan ya iya. Kowane fangali ya yanka a miƙe yake sambal kamar an ja da zare. Hannun da ya saba da shafa fatar takalmi ya yi kanta. Alayyafo ya fito, salak ya baje, kuɓewa ta miƙe. Duk a filin wani.

Matar kuma tana ba shi labari kamar mai karanta sanarwa.

"Maigida, kaza ta ƙyanƙyashe."

"Madalla. Ni ma na kusa."

Bayan 'yan kwanaki: "Maigida, sun fara fiffike."

"Saura ƙiris in yanke shawara."

Wata rana ta tare shi a ƙofa, ta dubi ƙafar wandonsa. "Wai ni kam, kullum ka dawo da taɓo har gwiwa, filin nan kuma ko sawunka babu. A ina kake noman?"

"Ba noma nake yi ba. Zaɓe nake yi."

"Wannan ruwan ido naka zai kai ka ya baro. Ga tsohuwar wuƙa nan, ka tona ɗan rami ka jefa ƙwayar wake, ka huta, ni ma in san matsayina."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni in fara lambuna da wuƙar kicin? Kin taɓa ganin an je ofis da silifan banɗaki?"

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta wuce.

Ana nan, wata rana ta dawo daga cefane da wani damin alayyafo, ganye faffaɗa, kore shar. Ta dafa, ta zuba masa a kan shinkafa. Ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido.

"Kai! Wanda ya noma wannan ya san abin da yake yi. A ina kika samo?"

"Wani tsoho ne mai sayar da fartanyoyi ya fara kasawa a ƙofar shagonsa. Har layi ake yi. Na tambaye shi, Baba, da wannan bayan naka ka yi wannan aiki? Ya ce a'a, wani bawan Allah ne ke yi masa. Wai ba ya karɓar komai, ko ruwan sha da nasa yake zuwa."

Mai takalma ya ajiye cokali. Matar ta zuba masa ido, ta ce a ranta, yau dai ya farka.

Can ya buga cinya. "Biri ya yi kama da mutum! Shi ya sa kullum nake ganin wurin yana ƙara kyau. Ashe akwai wani sakarai da ke zuwa yana yi wa tsohon nan bauta a banza." Sai kuma fuskarsa ta canza. "Tsaya. Ke nan in na tafi, shi yake ɗaukar min 'yar gajeruwar nan?"

Matar ta dubi kantar hannunsa, ta dubi alayyafon da ke cikin kwano, ta kama bakin zaren tsaf. Amma da yake tana son filin, sai ta ƙara masa miya kawai.

Kishin fartanya ya hana shi sukuni. Yana cikin wannan hali, washegari da hantsi matar ta kira shi a waya yana shago.

"Maigida, Yaya ta ce yau da la'asar mijinta zai kawo kajin."

Ido ya raina fata. Akwai wani mai saye a tsaye a kan kwali, ƙafa ɗaya cikin takalmi. Mai takalma ya zare takalmin, ya tura mutumin waje, ya ja ƙofa ya datse. Ya isa shagon dattijo yana numfashi sama-sama.

"Baba, na yanke shawara. Yau zan karya dokar da ban taɓa karyawa ba. Ba ni 'yar gajeruwar nan. Kwance ce, na sani, an taka, na sani. Amma ita raina yake so. Ɗaure min ita."

Dattijo ya kurɓi shayi. "Wacce? Mai gaɓar nan? A'a, Malam, wannan ba ta sayarwa ba ce."

"Don me?"

"Ta mai yi min aikin lambu ce. Ba ya iya aiki da kowace sai ita. In na sayar maka, gobe ya zo in ce masa me?"

Ran mai takalma ya ɓaci. "Wai shi wane ne wannan mutumin? Kullum ina nan safe da yamma, ban taɓa haɗuwa da shi ba."

"Ba za ku haɗu ba. Yana zuwa daidai lokacin da kake zuwa, yana tafiya daidai lokacin da kake tafiya."

Mai takalma ya yi ɗan tunani, ya gyaɗa kai. "Shi ya sa."

Sannan ya kwantar da murya, ya zayyana masa komai. Ya ba shi labarin filin, da tagar kicin, da kajin da ke tafe. Ya ce in filin nan ya kuɓuce masa, shi da lambu sai dai a mafarki. Dattijo dai ba dutse ba ne a ƙirjinsa, kuma ya ci alayyafon mutumin nan ya ƙoshi.

"To, sayarwa dai babu. Amma zan ba ka aro. Sai dai gobe da sassafe ka dawo da ita. Ciyawa ta fito a fangalin kuɓewa, zai so ya cire."

"Kar ka damu, ni da kaina zan kawo ta. In ma ya makara sai in rage masa."

"Allah ya yi albarka."

"Sai abu ɗaya, Baba. Tsiro nake so, guda ɗaya tak, na tumatir. In ruga in dasa kafin la'asar. Abin da aka ce, wanda na sa a ƙasa da hannuna."

"Wahalar wani ce fa, amma guda ɗaya ba zai gane ba. Shiga ka zaɓa."

Jama'a, wannan kalma ita ta gama da shi. Da cewa aka yi "ungo", da yanzu yana da lambu. Amma aka ce ya zaɓa.

Ya tsuguna a gaban fangalin tumatir. Wannan dogo ne amma siriri. Wancan kakkaura ne amma ya karkace. Wannan ganyensa ya yi kyau, amma na kusa da shi ya fi shi kore. Ya kama wani zai tuge, sai ya hango wani a ɗaya gefen, ya saki, ya zagaya. Da ya isa can sai ya ga ai na farkon ya fi. Ya dawo, ya rasa wanne ne na farkon.

"Baba, ba yadda za a yi in gwada su?"

"A ina?"

"Ka ga matsalar ke nan."

Rana ta karkata. Inuwar katanga ta rufe fangalin salak, ta haye na kuɓewa, ta iso kan mai takalma yana nan a tsugune. Sai da dattijo ya gaji don kansa, ya dafa baya ya shigo, ya sa hannu ya tuge wanda ya fi kusa da ƙafarsa, ya damƙa masa.

"Ungo. La'asar ta wuce."

Mutumin naku ya zabura. Fartanya a kafaɗa, tsiro a hannu, ya ranta a na kare. Masu shaguna na yi masa magana, ko waiwaye. Ya faɗa gida bai ko yi sallama ba, ya ratsa kicin, ya fita ƙofar baya. Sai ya tsaya.

An kewaye filin da waya. Tsohuwar tayar nan an zuba dusa a cikinta. Kaji kuwa sun baje ko'ina, sai tone-tone suke yi, ciyawa ta kwanta, ƙasa ta juye. Filin da bai taɓa ganin fartanya ba, ga shi ya sha tono tun daga katanga har bakin ƙofa. Matar na tsaye a gefe da kwanon ruwa a hannu, tana kallonsu tana murmushi.

"Tsaya! Tsaya!" Ya ɗaga tsiron sama. "Ga shi! Ga tsiro, ga fartanya! Ranar da aka kawo su kika ce, kuma rana ba ta faɗi ba tukuna!"

Yana cikin nuna mata, ya miƙa hannu ta saman wayar. Wani ɗan zakara ya yi tsalle ya tsinke ganye ɗaya. Mai takalma ya janye hannu ya rungume tsiron a ƙirji.

"Don girman Allah ki fitar da su. Na zaɓa, wallahi na zaɓa. Ki dawo min da filina."

Matar ta dubi sama. "Gaskiya ne, rana ba ta faɗi ba. Bari in duba maka."

Ta ajiye kwanon ruwan. Ta tsuguna a bakin wayar, ta ɗebo ƙasar filin a tafin hannu. Ta miƙe, ta kai ta wajen haske, ta ƙura mata ido, ta hure ta. Sannan ta girgiza kai.

"Ayya, Maigida. An taka."